Na Gyaɗa Kai Sau Ɗaya, Auren Yayata Ya Rushe

Ustaza Atika, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ko Innata ba ta sani ba: ni na raba yayata Ummusalama da mutumin da za ta aura, kuma da ƙarya na raba su.

Shekaruna goma sha shida, a Gadarif ta Sudan muke. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu. Abin da na iya shi ne karanta littattafan soyayya da muke karɓa-karɓa a makaranta, in sa musu bangon littafin tarihi don kada Baba ya gane. Yani, na karanta su har na fara jiran ranar da wani zai dube ni yadda ake duban 'yan matan ciki.

Ishaku makanikin tarakta ne a garin Fau. Da aka yi baikonsa da Ummusalama, duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo su sha jabana, gahawar nan tamu, da Baba a ƙarƙashin rumfa. Ita kunya ba ta barinta ta fito, ni ke kai faranti. To duk sanda na sunkuya zan jera kofuna, sai idonsa na hagu ya ƙifta, ya ƙifta, ya rufe, har gefen bakinsa ya ɗan ja sama kamar murmushi. Wallahi Ustaza, a raina na ce yau ga nawa labarin ya zo. Na fara rubutawa a bayan littafin lissafina: yau sau uku, yau sau biyar. Da ƙiftawar ta daina isata, sai na sa masa magana a baki. Na rubuta wai ya tare ni a bakin randa ya ce da ni ya fara gani da ba haka ba. Bai taɓa faɗa ba. Iyakar abin da ya taɓa ce min shi ne sannu ƙanwata, Allah ya yi albarka.

Wata rana da damina, taɓo ya hana kowa fita, Ummusalama tana neman takardar da za ta rubuta awon ɗinki, ta buɗe littafin. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta kai wa Baba. Baba ya kira ni, ya ce kada in ji tsoro, abu ɗaya yake so ya ji, gaskiya ne ko a'a, don shi ma ya lura da idon yaron nan. In ce a'a, in zama mai taɓin hankalin da ke ƙirƙira wa mijin yayarta zance? Sai na gyaɗa kai. Sau ɗaya. Washegari aka mayar wa su Ishaku da kayansu, aka ce ba rabo, halas, magana ta ƙare. Ba a faɗa masa dalili ba, don a rufa min asiri.

Wata huɗu ke nan. Makon jiya gwaggonsa Batulu ta zo gai da Inna, ina tsintar riɗi a tsakar gida ina jinsu. Ta ce sun kai shi Hartum an ɗauki hoton kansa, likita ya ce wata jijiyar jini ce ta faɗaɗa ta lanƙwashe, tana danne jijiyar da ke motsa fatar ido da kumatu. Da farko wai sun ɗauka rawar ido ce irin ta ganin baƙo, har suna tsokanarsa amarya yake hangowa. Yanzu idon kan rufe yana tsakiyar aiki, an hana shi hawa tarakta. Sai ta ƙara da cewa abin ya fi tashi in ya takura ko yana jin kunya. Ustaza, a gaban Baba yake zama. Ashe kunyar suruki nake ta ƙirgawa a littafina.

Inna ta gaya wa Baba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma ciwon ido ba ya sa mutum ya tare yarinya a bakin randa. Kin gani? Hoton likita ba zai wanke shi ba, sai ni. Bayan girbin dawa za a yi masa aiki a kai. In wani abu ya same shi fa? Ummusalama har yau ita ke min kitso, tana cewa ba laifinki ba ne habibti, ni kuwa in ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Na gwada faɗa musu gaskiya da baki, na kasa. Shi ya sa na rubuta wasiƙar nan guda biyu. Ɗaya taki, ɗayar tana cikin littafin lissafin. Na yanke zan miƙa ta. Amma wa zan fara ba? Kuma za su sake dubana da idon rahama?

'Yarki mai sunkuyar da kai, Gadarif

*

'Yata, na canja sunayen kafin in buga, ki kwantar da hankali.

Mafarki ba laifi ba ne, kuma littafin don kanki kika rubuta. Manya ma sun yi gaggawa, tunda an yanke wa bawan Allah hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Amma gyaɗa kan nan naki ne, kuma mutuncin mutum ne ya rataya a jikinsa. Ba zan rage miki nauyinsa ba.

Na tambayi wata likita game da ciwon. Ta ce sananne ne: jijiyar jini ta kan jingina da jijiyar motsi, sai ido ya riƙa ƙiftawa ba da son mai shi ba, gajiya da damuwa kuma su ƙara shi. Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne. Wasu ana yi musu allura, wasu aiki, likitocinsa su suka san abin da ya dace da shi. Ba ke kika sa masa ciwon ba, kada ki ɗauki wannan ki haɗa da kayanki.

Ummusalama za ki fara ba, ita aka fi cuta a gidanku. Ki miƙa mata hannu da hannu, kada ki ajiye a ƙarƙashin filo ki gudu. Ki zauna har ta gama karantawa. Tana iya kuka, tana iya daina yi miki kitso, ki haƙura, haƙƙinta ne. Daga nan ku je wurin Inna, ita ta san lokacin da ake tunkarar Baba. Shi kuma Baba shi ya kamata ya taka har gidan su Ishaku ya ba da haƙuri, kafin a yanke dawa. Ke kam kada ki rubuta wa Ishaku ko layi ɗaya.

Ban yi miki alkawarin auren zai dawo ba, wannan nasu ne su biyu. Abin da ke hannunki shi ne ya shiga ɗakin aiki da sunansa a wanke. Littattafan kuma kada ki ƙona su. Kin iya rubutu, ki ci gaba, sai dai ki riƙa ba mutanen labarinki sunayen da babu su a unguwa.

Za su dube ki da fushi na ɗan lokaci, daga baya su tuna ke kika tona kanki ba wanda ya matsa miki. Gobe da hantsi, 'yata, kada ki bari ta kai jibi. Allah ya ba Ishaku lafiya, ya sanyaya zuciyar yayarki, ke kuma ya ɗaga miki kai.

Ustaza Atika