Ranar Da Baba Ya Yarda Yana Jin Ciwo

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, albishir na kawo miki, kuma ba zan jira goro ba. Inna, Baba ya yarda yana jin ciwo!

Kin fi kowa sanin halin mutumin naki. Kin tuna ranar da sa ya take masa ƙafa a Sundimina, ya ɗingiso gida yana tambaya ko an shayar da maruƙa? Ke ce mai cewa ko wuta ce ta kama rigarsa, sai ya gama gaisawa zai kashe ta.

Bayan rasuwarki ciwon ƙoda ya kama shi. Duk zuwanmu asibiti a Birnin Kudu, in likita ya tambayi jiki, amsar ɗaya ce, da sauƙi. Alhali ƙugu da ƙafafu sun hana shi ko sujada. Ashe a ɓoye yake sayen haɗin ƙwayoyi wurin mai talla ranar kasuwa. Ina kakkaɓe shimfiɗarsa na tsinci ƙullin. Da likita ya gani sai ya riƙe baki, ya ce irinsu ne ke ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana. Wallahi na tsorata.

Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar na ajiye kunya. A gaban likita na ce masa na rasa uwa, ban shirya rasa uba ba. Sai ya ɗora hannu a ƙugu, ya shafo har tafin ƙafa, ya nuna wa likita inda ke masa ciwo. Aka ba shi maganin da ƙodarsa za ta iya ɗauka, aka tsara masa lokutan sha, aka ce in riƙa gasa masa wurin da ruwan ɗumi, kuma ko jiƙo kada ya sha sai an tambaya.

Jiya da la'asar, Inna, a tsaye ya yi sallah, goshinsa ya taɓa ƙasa! Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ta haihu. Ƙodar ba ta warke ba, ban ruɗi kaina ba. Amma yanzu in ciwon ya motsa, da kansa yake kirana ya faɗa.

Allah Ya jiƙanki, Ya sada ku a Aljanna. Sai dai ba yanzu ba, Inna, mu ba mu gaji da shi ba.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza