Babansu bai san me ya hana ta zuwa ba

Dona Zuleica, ki taimake ni. Ni ba mace ba ce mai kai maganar gidanta waje, amma wannan ta fi ƙarfina.

Mijina Valdomiro maƙerin bindigogi ne a nan garin Caxias. Tun yana saurayi ba ya barin bindiga ta fita daga masana'antarsa sai ya harba ta da hannunsa, har abin ya cinye masa kunnuwa. Yanzu sai an tsaya a gabansa ya karanta leɓe. Ɗanmu Gilmar ne ke riƙe da wurin.

'Yarmu Neusa, ƙanwar Gilmar, injiniya ce. Ta daɗe tana roƙonsa su fara ƙera bututun nan da ake ɗaura wa bakin bindiga don ya rage ƙara. Ya ce ba zai jefa abincin ma'aikata cikin wasan yara ba. Sai ta kwashi zanenta ta kai gidan Zanotelli, mutanen da muke gogayya da su tun zamanin surukina. Bana suka ƙwace mana kwangilar 'yan sanda da aikin hannunta. Dole Gilmar ya sallami dattawan ma'aikatanmu da suka ɗauke shi a kafaɗa yana yaro.

Ni ban yi tarbiyyar masu cin amana ba. Na ce kada ta ƙara zama a teburina ranar Lahadi sai ta nemi gafarar yayanta. Ba ta nema ba. Babansu kuwa muka ɓoye masa komai, ai ba wuya, ba ya ji. Amma duk Lahadi sai ya cika ƙoƙon shayin mate, ya riƙe shi yana kallon ƙofa har ya huce. Jiya ya ce min ya gane, yarinyar ta gaji ne da maimaita masa magana, kuma shi bai ga laifinta ba. To in na janye maganata, wa zai ƙara ɗaukar kalmata da nauyi a gidan nan?

Uwa mai magana ɗaya

'Yar'uwa,

Gilmar yana da gaskiyarsa, mai ɗauke da iyalan mutane ba ya saurin yin kasada. Neusa kuma ta ɓata masa, kai zane gidan abokan gogayya ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki tsaya ki yi tunani: me ya sa yarinyar da ta tashi tana ɗaga murya don ubanta ya ji ta, ta ba da kanta ga rage ƙarar bindiga?

Hukuncin da kika yanke bai sauka a kanta ba, a kan mijinki ya sauka. Yau ɗin nan ki zauna a gabansa inda haske ke kan fuskarki, ki faɗa masa komai a hankali. Kurma ne, ba yaro ba. Sunansa ne a ƙofar masana'antar, shi ya kamata ya zaɓi fushi ko yafiya.

Sannan ki kira Neusa da kanki. Rikicinta da yayanta su warware tsakaninsu, kada ya zama sharaɗin ganin ubanta. 'Ya'yanki ba za su raina ki ba, sun san me janyewar ta ci miki.

Kada bawan Allah nan ya ƙara kwana yana zaton kunnuwansa ne suka kori 'yarsa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya muku gida.

Dona Zuleica