Ƙarfen bindiga a kwalin Kirsimeti

Manang Sabel, don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, domin lokacin ƙanwata za ta liƙe kwali, ni kuma kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na aurar da babbar 'yata na shiga ajin manya a coci, har yanzu ina yi ina gogewa.

Maganar ɗana ce, Renante, muna ce masa Dodong. Gadi yake yi a wani kamfani a garin Mandaue, yana da bindigarsa da lasisinsa, wannan ba ni da ƙorafi. Gasar harbi ce ta shiga kansa. Ranar Lahadi mutane na tafiya coci, shi yana saɓa jaka sai filin harbi. Da ya kasa cin komai a gasar bara, sai ya ce laifin bindigar ne. Ba hannunsa ba, ba giyar ranar Asabar ba, bindiga. Wai bututunta da kunamarta ƙirar gida ne, ga garinmu Danao ya yi suna wajen ƙera bindiga a ɓoye, abokansa suna tsokanarsa: "Kai ɗan Danao, a bayan gida aka goge maka wannan? Matsa can kafin ta tashi da mu!" Sai ya dawo yana huci kamar ni na faɗa.

Na ce ya je shagunan da ke da izini a birnin Cebu ya saya. Ya ce tsada, ya ce jira, ya ce takardu. Ya ce, "Nay," wato Nanay, yadda muke cewa mama, "ba ki san komai a kan wannan ba, na Amurka daban ne."

Wai ni ce ban san komai ba! Marigayi mahaifinsa ƙuruciyarsa duk a rumfa ta ƙare a kan tudu, yana goge ƙarfen bindiga da magagari, ina kai masa shinkafa da busasshen kifi ina leƙen hanya ko 'yan sanda na tafe. Na san waɗannan ƙarafan tun ban san baƙi ko ɗaya ba. Na kuma san ƙofar gidan yari, don na sha tsayuwa a gabanta da kwanon abinci.

To ga inda abin ya ɓaci. Ƙanwata Merlinda tana kula da tsofaffi a Texas. Kowace shekara tana aiko mana da kwalin tsaraba da muke kira balikbayan ta jirgin ruwa, ya iso kafin Kirsimeti. Tun farkon shekara take tarawa, naman gwangwani, sabulu, cakulan, tawul, har safa take cusawa cikin takalma kada wuri ya tafi a banza. Sunana take rubutawa a jiki, ni nake sa hannu in karɓa. Da can dangwala yatsa nake yi, yanzu da biro, kuma ba na ɓoye miki ina jin daɗin hakan.

Makon jiya muna magana ta bidiyo sai ta ɗago wani ƙunshi tana dariya. Ta kira ni Manang, wato yaya, ta ce, "Ga kayan babur ɗin Dodong sun iso, cikin tawul zan naɗe. Wane irin babur ne wannan, na 'yar tsana?" Ta buɗe ta nuna mini. Bututun bindiga ne da kunama. Babur ɗin Dodong lafiyarsa ƙalau. Ya saya ne ta waya, ya sa aka kai gidanta, ya yi mata ƙarya. Na ce layi ba kyau, na kashe.

Da na tare shi sai ya ce, "Haba Nay, wa zai tsaya binciken naman gwangwani? Ai ina da lasisi. Kada ki faɗa wa Tiya Merlinda, za ta ruɗe a banza." Ya sumbaci goshina, ya ɗauki abincinsa ya fice. Kin ji fa!

Idan na faɗa wa Merlinda, ita da ta biya masa makaranta, ba ta yafe ƙarya, ƙila ta yanke shi har abada. Idan na yi shiru aka kama kwalin, ita ko zama 'yar ƙasa ba ta yi ba tukuna a can. Shin na waje ya fi namu ne da gaske har haka? Ko tsoron tsufa ne ke damuna?

Nanay daga Danao

Nanay, ba tsoron tsufa ba ne, idonki ne ya ga daidai, kuma ni ma raina ya ɓaci da na karanta.

Bari in fara ba Dodong nasa. Ba ɗan fashi ba ne, wasa yake so ya ci. Gaskiya ne akwai kayan waje masu kyau, gaskiya ne a shago sun fi tsada kuma takardu na cin rai. Tsokanar nan ma ta fi masa ciwo fiye da yadda kike zato, domin sana'ar mahaifinsa ake jefa masa a fuska. Ki tuna da wannan idan kin zaunar da shi.

Amma lasisin riƙe bindiga ba izinin shigo da sassanta ba ne. Bututun bindiga a idon hukuma ba tawul ba ne, can inda zai fito da nan inda zai sauka, kuma ana duba kwalayen nan. In aka gano, ba sunan Dodong za a karanta ba. Akwai sunan mai aikowa, akwai na mai karɓa. Ya zaɓi mata biyu da suka fi ƙaunarsa ya sa su a gaba, shi ya koma baya.

Ki ba shi zuwa gobe ya kira Tiyarsa ya faɗa mata da bakinsa, kina zaune. In ya ƙi, ki kira ta da kanki. Za ta yi fushi, kuma tana da hakki. Fushinta zai iya hucewa, aikinta da takardunta in sun tafi ba sa dawowa. Ta cire ƙunshin, ta mayar wa mai sayarwa. In an yi asara, ta Dodong ce.

Sannan ya je wurin dillali mai izini. Ko su shigo masa da na wajen da takarda ya jira, ko ya gwada ƙirar masana'antunmu. Ki faɗa masa Amurkawa kansu suna sayen bindigogin da ake ƙerawa a ƙasar nan. Kafin nan ya rage giyar Asabar, ya ga ko bindigar za ta gyaru da kanta.

Kin sha wuya kafin ki iya rubuta sunanki, Nanay. Kada ki sa shi a kan kwalin da kika san abin da ke cikin tawul ɗinsa. Allah ya kawo cakulan ɗin lafiya, ya huci zuciyar Merlinda, ya ba Dodong kofin da hannunsa ya ci.

Manang Sabel