Ƙanwata ce za ta nuna mini inda aka binne cibiyata?

Admin, don girman Allah a sakaya sunana, mutanen Wara da Yelwa sun cika gurup ɗin nan kuma ba su da wuyar gane mutum.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, ya zaga da hujja. Ni ba yarinya ba ce, ina da jikoki har da masu shirin aure, shekarar da aka samu 'yancin kai aka haife ni. Ba zan yi kwana-kwana ba, kishin ƙanwata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abin ya kai har yana hana ni cin abinci da daɗi. Zan kira ta Kulu, ba shi ne sunanta ba.

Mu mutanen gungu ne, wato tsibiri a tsakiyar kogi, tun kafin a yi dam ɗin Kainji. Gungunmu ƙarami ne, gidajen ba su da yawa, amma a bayan gari akwai wani tudu mai tsohuwar ganuwa wanda ko kakannin kakanninmu sun ce haka suka tarar da shi, babu wanda ya san masu shi. In ka tona ƙasa da ƙafa sai ka ga tsingaro mai zane, da kashin maƙera, wani lokaci har da duwatsun wuya. Da labarin dam ya tabbata sai ga wasu Turawa da 'yan makaranta sun zo haƙa a tudun, wai su kwashe abin da za su iya kafin ruwa ya rufe shi. Babanmu ne matuƙin jirginsu, shi yake ƙetarar da su safe da yamma. Ni kuma da yake ban iya zama wuri ɗaya ba, kullum ina maƙale da shi, sai aka ba ni aikin wanke tsingaron da suke tonowa. Ina zaune bakin ruwa da ƙwarya da ɗan burushi, in wanke in jera a kan tabarma, hannuna har ya yi fari ya tattare. Da hannun nan nawa na wanke wata 'yar tukunya da ta fito lafiya lau ko tsaga babu, Baturen ya ɗaga ta sama yana ta surutu da harshensu, Baba yana dariya yana cewa ɗiyarsa ce ta fito da ita.

Da ruwa ya zo aka kwashe mu zuwa sababbin gidajen da gwamnati ta gina a can gaɓa, nesa da ruwa, na siminti, ƙanana, da rana kamar tanda. Inna tana da tsohon ciki a lokacin, ga ɗaki ya yi kaɗan, sai Goggo ta ce a ba ta ni riƙo zuwa Yelwa har a zauna daidai. To har yau ba a zauna daidai ba. A gidan Goggo na girma, a can aka aurar da ni, miji ya tafi da ni Kontagora, na shiga sana'ar busasshen kifi na yi ta fama da 'ya'ya. Cikin da Inna take da shi kuwa shi ne Kulu. Ita ta tashi a gaban Baba, ita aka sa makaranta har ta zama malama, da ta yi aure ma ba ta yi nisa ba, ita ta yi jinyarsa har ya koma ga Allah. Duk abin da ke kan Baba na tarihin gungu ya juye mata shi tas. Ni in na zo ganin gida kwana biyu ne, gaisuwa da cin tuwo, sai a ce a gaida yara. Ruwa ya cinye mini gida, Kulu ta cinye mini uba, haka nake faɗa a raina tun da daɗewa, Allah ya yafe mini.

Abin da waɗanda ba 'yan yankinmu ba za su so su sani shi ne, duk shekara idan ruwan dam ɗin ya ja baya, daga ƙarshen rani zuwa farkon damina, kan tudun nan yana fitowa da guntun ganuwar da kufan wasu gidajen da ke kusa da shi, har da namu. Ba ya daɗewa ruwa yake sake rufe shi. Tun da Kulu ta yi ritaya sai ta mai da kai baƙi can sana'a. Ba ta ɗaukar mutane da yawa, iyakar abin da ƙaramin jirgi zai ɗauka kowa da rigar hana nutsewa, ta kai su ta zagaya da su a ƙafa tana bayani, ta hana kowa ɗaukar ko tsinke. Ɗalibai suna zuwa, masu bincike suna zuwa, yanzu har sunanta ya koma Malamar Gungu. Ban taɓa bin ta ba. Ta gayyace ni ba sau ɗaya ba, kullum sai in ce ƙafa ko kasuwa.

Bara wata jikata ta kawo mini waya da murna wai in ga Inna Kulu a bidiyo. Na karɓa na ga ta tsaye a kan tudun, ta sha lulluɓi da tabarau, baƙi sun kewaye ta, tana nuna bakin ruwa tana cewa nan ne muke zama muna yara muna wanke wa masu haƙa tsingaro. Muke. Jama'a, yarinyar da ko haihuwarta ba a yi ba! Na kalli bidiyon na sake kallo, na shiga karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, wannan ya ce Allah ya ƙara basira, wancan ya ce irinku ne gatan tarihi, wata ma cewa ta yi ta yi kuka. Ni ma na yi kukan amma nawa na baƙin ciki ne. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na miƙa wa yarinya wayarta na ce ya yi kyau, ranar ko tuwon dare ban taɓa ba. Ban yi wa Kulu maganar ba, sai dai na rage kiranta, in ta kira kuma in ce ina kan sallaya.

Yanzu ga inda matsalar take. Babbar ɗiyata da ke aiki a Abuja ta ce hutun nan za ta kawo yaranta su ga asalinsu kafin ruwa ya dawo, kuma dole da ni za a je. Ta ce ta bincika, jirgin zuwa can iri biyu ne. Akwai babban jirgin inji da wasu samari suke tashi da shi daga Yelwa, yana cika da mutane, da lasifika da lemo, ya zagaya tudun a ɗauki hoto a dawo, amma ba a sauka. Akwai kuma na Kulu daga Wara, mu kaɗai, a sauka a taka ƙasa. Ta ce Inna ke za ki zaɓa, tana dariya don a ganinta tambayar ba ta da amsa biyu. Na ce mata babban jirgi. Ta ce ko ban ji da kyau ba ne, na ce na ji sarai, gwiwata ba ta son ƙaramin jirgi. Ƙarya nake yi, ni da aka haifa a ruwa. Gaskiyar ita ce na gwammace in hangi garinmu daga nesa ina shan lemo cikin baƙi, da in zauna kamar fasinja ƙanwata ta bayan bayana tana nuna mini gidan ubana da sanda, jikokina suna cewa kai Inna Kulu ta san komai.

Ɗiyata ba ta iya riƙe magana ba, washegari sai ga kiran Kulu. Mun fara da gaisuwa lafiya lau, daga nan ta ce ta ji an ce na zaɓi jirgin 'yan lasifika, ko ta yi mini wani laifi ne. Ni kuwa dama a cike nake, sai na zazzage mata. Na ce yaushe ta wanke tsingaro, a cikin cikin Inna? Na ce ta ɗauki ƙuruciyata ta yafa kamar gyalen aro tana yawo da shi gaban baƙi ko sunana ba ta ambata. Ta ce ita ba da wata manufa take faɗa ba, ta ji labarin ya fi a ƙirga har ya zame mata kamar ta gani. Na ce gani ya kori ji. Ta ce to wa ya hana mai ganin zuwa ta faɗa da bakinta, ba ta gayyace ni ba? Na ce ba a gayyatar mutum gidansu. Haka muka yi ta yi, na faɗi abin da ya kamata da wanda bai kamata ba, har na ce mata ta tsare Baba ta hana shi tunawa da ni.

A nan ne muryarta ta canza, ta ce, “Yaya, har Baba ya rasu, in ya tashi labarin tudun ga da sunanki yake hwarawa. Ni ina zaune gabanshi ina dama mishi hura, ke yake gani. Shekara da shekaru ina kai baƙi gidanmu, ban taɓa shiga ba sai bayan wani. Ke anka haihwa can, ni bisa siminti anka haihe ni. Mi kike so in yi?”

Sai a lokacin na tuna da al'adar, don na daɗe da barin gida har ta shige mini duhu. Tun shekarar da tudun ya fara fitowa dattawanmu suka kafa cewa ba a shiga kufan da baƙuwar ƙafa. Sai wanda aka binne cibiyarsa a gungun ya fara sauka, ya yi sallama kamar yadda ake yi a ƙofar gida mai mutane, sannan saura su biyo shi. Na san wasu za su ce camfi ne, ni ma ban ce addini ba ne, amma matuƙan yankin, da musulminsu da kiristansu, babu mai ɗaure jirgi a wurin in ba a yi haka ba. Shi ya sa ma babban jirgin ba ya sauke kowa. Ashe duk shekarun nan wani tsoho ne ɗan gungu, Baba Manu, yake raka Kulu, shi zai sauka ya yi sallama ya koma inuwa ya zauna, ita kuma ta shiga bayani. Wanda ya ɗauki bidiyon bai ma nuna shi ba. To Baba Manu ya rasu bayan sallah. 'Yan gungun da suka rage kaɗan ne, wani ido ya tafi, wata ba ta tashi daga shimfiɗa, wasu sun yi nisa babu mai labarinsu. Bana tun da ruwa ya ja Kulu ba ta sauke ko mutum ɗaya ba, ɗaliban da suka zo haka suka hango daga jirgi suka koma. Ba ta roƙe ni ba, jinin Baba ne a jikinta ba ta iya roƙo ba, cewa kawai ta yi ita ta san hanya amma ƙafar tawa ce, ta kashe waya.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na ajiye wayar, kafin tausayi ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Na ji wani sanyi a raina cewa ashe duk tabarau da bidiyo da Malamar Gungu, akwai abin da nake da shi wanda ba a koya a makaranta kuma Baba bai iya ba ta ba. Na yi ta istigfari amma daɗin bai tafi duka ba. Wata zuciyar tana ce mini in bi babban jirgi, mu wuce ta gaban tudun, bana ita ma ta ɗanɗana yadda ake hangen abu daga nesa. Wata tana cewa in je amma da sharaɗi, sai ta tsaya gaban jikokina ta ce ba ita ta wanke tsingaro ba, ni ce. Wata kuma tana ce mini ke tsohuwar banza, ku biyu kuka rage a duniya, ɗan'uwa rabin jiki ne, in ta faɗi wa zai rufa miki asiri.

Kuma akwai abin da ya fi duk wannan tsaya mini a wuya. Ina tuna ƙwaryar, ina tuna burushin, ina tuna dariyar Baba, amma wallahi ban san ta ina gidanmu yake ba. Na rufe ido na yi ta nema, gabas ne da ganuwar ko yamma, babu. Ina ƙarama na bar wurin kuma ba wanda ya sake zaunar da ni ya faɗa mini. Idan na je, ni zan fara sauka, ni zan yi sallama, kowa yana kallona, daga nan jikokina za su ce Kaka nuna mana ɗakin da aka haife ki. Ba ni da abin yi a lokacin sai in juya in kalli Kulu.

Ruwa ya fara alamar dawowa, ɗiyata tana jiran amsa kafin ta kama hanya, Kulu kuma ba ta sake kira ba. Ran kasuwa na tsinci kaina ina taya takalmin roba irin na shiga taɓo, har na saya na ɓoye a ƙarƙashin gado, ni kaina ban san abin da nake nufi da shi ba.

To 'yan'uwa ku faɗa mini tsakaninku da Allah. In bi babban jirgin in tsira da girmana, ko in bi na Kulu? In na bi nata, in kafa mata sharaɗin nan ko in haɗiye? Kuma waɗanda suka taɓa kishin ɗan'uwansu na jini, yaya kuka yi kuka iya buɗe baki kuka ce wa ƙaninku nuna mini, ban sani ba?