Zoben Baba Kyari

Gure, Alhamis da dare, 9 ga Rajab, 1313

Yau Baba Kyari, wanda suka yi tsaron ƙofar gari da mahaifina, ya zo daga Bune. Idonsa ya tafi. Ya ji ina tara tsofaffin alamun dogarai, ya ce in kawo ya taɓa.

Na zazzage jakar a tabarma: zobban tagulla, kawunan sanduna, jan rawanin mahaifina da asu ya ci. Yana lalube ya tsaya a kan wani lanƙwasasshen zobe.

"Wannan nawa ne. Ƙofa ta datse shi ranar da mahara suka zo, ubanka ya fizgo ni ciki."

Gabana ya faɗi, don shi na fi so. Amma na ce, "Baba, ɗauki abinka."

Ya sa a yatsa, ya gyara zama, ya yi kiran rufe ƙofa da muryar nan da nake ji ina goye a bayan inna. Hawaye suka zo mini. Sannan ya cire ya danƙa mini.

"Ajiye, ɗana. A gidana, a maƙera zai ƙare. A nan an san mai shi."

Har yanzu yana hannuna, na kasa mayarwa.