Ƙullin Kanwar Goggo Tumba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace. Mu nan Talata Mafara da sauƙi, sai dai hankalina bai gama kwanciya ba, shi ya sa na zauna rubuta miki. Na san ko kina raye sai an karanta miki, to bari masu karatu su tsaya a bayana su ji tare da ke.

Albishirinki, jikarki Ma'u, ɗiyata, ta sauka, ta haifi mace, kuma sunanki aka sa wa jaririyar. Da yake haihuwar fari ce, bayan suna na ɗauko ta daga gidan mijinta a Bakura ta yi wankan gida. Ba ta daɗe da zuwa ba sai ga Goggo Tumba a bayan babur. Ta tsufa tukuf, amma bakin nan nata yana nan yadda kika bar shi, ga kuma ƙullin kanwa a bakin zane. Inna, da na ga ƙullin nan gabana ya faɗi.

Kin san dalili. Kin tuna shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci ƙauyenmu na ƙasar Maradun, aka kwashe mu aka zube a kan tsakuwa. Motoci suka baje gonaki, damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba, Baba ya sayar da shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Kina da tsohon ciki, amma tuwon da aka zuba miki mu kike tura wa, ki ce ke kin ƙoshi. Ni kuwa da wautar ƙuruciya na yarda, har ina suɗe kwanon.

Da kika haifi Auta, Goggo ta baro ɗakinta ta zo yi miki wankan jego, tunda 'yar'uwar Baba ce kuma ƙawarki. Babu naman da ake gasa wa mai jego, babu farfesu, babu mai. Abin da ya rage a hannunta wuta ce da kanwa, sai ta ninka su. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganye, a hura garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa ki kwanta, sannan kunun kanwa mai kauri, ƙwarya guda. Tana cewa, "Tunda babu nama, bari kanwa ta yi aikinai."

Sai ƙafafunki suka fara kumbura. Kwanciya ta gagare ki, kina jingine da bango kina haki. Goggo ta ce sanyi ne ya shige ki, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Ranar da Yaya Haliru ya dawo hutun makaranta ya shiga gaishe ki, ina kallo ya danna ƙaurinki da babban yatsa. Ya ɗage, ramin ya zauna kamar a curin fura. Goggo ta kore shi da muciya tana cewa, "Mi namiji ka biɗa ɗakin biƙi?"

Da abin ya yi tsanani Baba ya roƙi wani direban motar shanu ya kai mu asibitin Mafara. Da hantsi muka tarar hanya a tare. Manoman da ke neman diyyar gonakinsu sun gitta itatuwa, can gaba 'yan sanda da bindigogi, ba mai magana da wani. Direba ya kashe mota. Baba ya sauka yana roƙon waɗannan, ya koma yana roƙon waɗancan. Kanki yana kan cinyar Goggo, tana yi miki fifita da gefen mayafi, har ta ga babu sauran wanda take yi wa.

Tun daga ranar magana ɗaya ake yi a gidanmu: dam ne ya kashe ki. Goggo ba ta koma ɗakinta ba. Ita ta goyi Auta, ita ta aurar da ni, ita ta sayar da akuyarta Yaya ya ci gaba da karatu.

To Inna, ramin nan na ƙaurinki shi Yaya ya bi duk rayuwarsa. Ya zama likita, bai tsaya nan ba ya koma binciken ciwon zuciya, zuciyar ma ta mata masu jego. Ya shekara da shekaru yana zaga ƙauyuka, daga Damaga zuwa Kaya, da wata na'ura mai nuna zuciya tana motsi kamar a talabijin. Mata suna rufe fuska suna dariya, wai ga ƙato da gemu yana tambayar ƙwarya nawa ake shan kunu. Mutumin da har yau bai iya dama koko ba!

Abin da ya gano ya bayyana min shi da Hausar da zan gane. Ya ce zuciyar wasu mata takan saki bayan haihuwa, kamar salkar da ta tsufa, balle idan yunwa da ƙarancin jini sun riga sun gajiyar da ita. Kanwa kuma tana riƙe ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki, sai ruwan ya taru a ƙafa, ya hau har huhu. Ya rubuta wannan da Turanci, likitocin wasu ƙasashe suna karantawa suna kafa hujja da shi, suna gayyatarsa ya yi musu bayani. Yanzu Farfesa ake ce masa, ɗalibansa sun cika asibitoci. Ko ungozomar da ta karɓi haihuwar Ma'u sai da ta danna ƙafarta, ba ta san a ƙafar wa abin ya fara ba.

Amma ɗan naki da ke tsayawa gaban manyan duniya bai taɓa furta kalmar kanwa a gaban Goggo ba. In muryarsa ta fito a rediyo, sai ɗayanmu ya yi wuf ya murɗa tasha. Ta yaya za ka ce wa matar da ta raine ka hannunta na cikin mutuwar uwarka?

Shi ya sa da ta zo da ƙullin nan ban hana ta ba. Na ɓoye shi na ce akuya ta ci, washegari ta aika kasuwa aka sayo wani. Ma'u kuwa kunya ba ta barinta ta ƙi abin da kaka ta miƙo. Ranar Litinin na ga takalminta ya ƙi shiga, ta kuma ce in ƙara mata matashi, wai kwanciya na toshe mata numfashi. Na durƙusa na danna ƙaurinta. Inna, ramin ya zauna. Nan take na kira Yaya.

Kafin azahar ya iso. Ya auna ta, ya fito tsakar gida fuskarsa a ɗaure, sai ya yi kiciɓis da Goggo riƙe da ƙwaryar kunu. Ita ta fara magana.

"Haliru, kuna murɗa rediyo, kun aza kurma ta ni? Na jiya tun tuni. Yau dai hwaɗa min, ni nak kashe uwakku?"

Ya tsuguna a gabanta da babbar rigarsa a cikin ƙasa. Na so ya ce a'a, wallahi na so. Amma kin san ɗanki, ko yana yaro ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

"Goggo, ban sani ba," in ji shi. "Yunwa ta ci zuciyatta tun ba ki hura wuta ba, kuma hanya ta tsare mu. Kanwa dai ba ta taimake ta ba. Abin da nis sani, ƙahwar Ma'u ta yi irin tata, kuma yau hanya buɗe take."

Na ji haushinsa har wuya. Goggo ta juya. Ta shiga ɗaki da ƙwaryar, ta sa yatsanta ta danna ƙafar Ma'u da kanta, ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta fito, ta wuce mu, ta juye kunun a kwamin awaki, ta kwance ƙullin kanwar ta zuba musu. Ta ce, "Ku tada mota."

A baya ta zauna, kan Ma'u a cinyarta, tana fifita da gefen mayafi. Ban iya waiwayawa ba har muka shiga asibiti.

Muna nan har yanzu. Ana ba Ma'u maganin da ke fitar da ruwan, Yaya ya ce an zo da wuri, amma ya ƙi yi min alkawarin komai. Goggo ta ƙi tafiya gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin gado da takwararki a goye. Bini-bini sai ta ɗaga zane ta danna ƙafar, har ma'aikatan jinya suna tsokanarta wai an yi sabuwar likita.

Yau da safe ina wanke kwanuka a waje na ji Goggo ta ƙwala min kira. Na shigo a guje. Ta kama hannuna ta ce, "Rabi, diba, ya taso." Ta danna, ta ɗage, muka tsaya muna kallo ramin yana cikowa a hankali har ya shafe. Sai ta fashe da kukan da ban ga ta yi ba ko ranar da aka sauko da ke daga motar shanu.

Da ta ga ina rubutu ta tambayi wa nake wa. Na gaya mata. Ta ce in ce miki ki yafe mata, abin da ke hannunta ke nan ta ba ki. Na isar, Inna, kuma na san amsarki, don ba ki taɓa kwana da kowa a rai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba Ma'u lafiya ta raini takwararki da hannunta. Allah Ya sa abin da Yaya ya gano ya zame miki sadaka mai gudana, Ya sanyaya zuciyar Goggo, Ya haɗa ku a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Rabi