Ƙyalle a Jikin Ginshiƙin Baba

Yaya Célestin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali a birnin Numeya. Mu ƙalau, sai dai hankalina a tashe yake. Guguwar bana ta tsaga rufin cocinmu, Fada, limamin cocin, kuma ya ce muddin ofishin adana kayan tarihi bai sa shi cikin gine-ginen da ba a taɓawa ba, rushe shi za a yi a kafa na kwano. Na kwano fa, Yaya! Cocin da Baba Marcellin ya zuba simintinsa da hannunsa, zagayayye kamar bukkar manya, ginshiƙi ɗaya tal a tsakiya, gilasai masu launi suna zubo haske a kan masu addu'a. Kai da ka san mutanen ofis, ka yi wani abu.

Ƙanwarka,
Honorine

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Kwantar da hankalinki, kin cika tsoro. Na yi wa Madam Lafleur ta ofishin magana, za ta zo ranar Talata ta duba. Ta ce irin ginin nan ya yi ƙaranci a tsibirin. Ki share harabar kawai.

Yayanki,
Célestin

Yaya,

Gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Birni ya cinye ka! Ka turo baƙuwa ƙasar Kawu Anselme ba ƙyalle, ba tabar da al'ada ta ce a miƙa wa mai ƙasa, ba neman izini. Ka manta ƙasar da cocin ke kai ta danginsa ce? Ya tare hanya, ya ce, "Wa ya gaishe ni? Ko ɗan Marcellin ya ɗauka na mutu?" Matar ta juya ko ƙofar ba ta gani ba, Fada kuma ya kira masu rusau, ranar Litinin za su zo. Ban iya barci. Kada ka aiko da ƙyallen a mota, ka zo da ƙafarka ka sunkuyar da kai.

Ka huta lafiya ba zan ce ba, kai ma kada ka huta.
Honorine

Yaya,

Da fatan ka koma gida lafiya. Bayan tafiyarka Kawu ya ɗauki ƙyallen da ka kawo masa, ya shiga coci ya ɗaure shi a jikin ginshiƙin Baba. Ka san abin da mai ƙasa ya ɗaura wa ƙyalle, ba a taɓa shi. Masu rusau sun zo, yaran garin nan ne, suka gani. Babbansu ya ce, "Fada, wannan kam sai dai ka kwance da kanka." Fada bai kwance ba.

Madam Lafleur ba ta ce za ta dawo ba tukuna, rufi kuma yana yoyo. Bokiti nake tarawa.

Taka,
Honorine